Lungun da Ya Ƙi Miƙewa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Akwai wani abu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni wanda masu Adaidaita Sahu suka fi kowa saninsa, don su ne ke shan wahalarsa kullum. Ka sauka daga titin Zariya ka kutsa cikin unguwa: layi ya miƙe sak, gidaje a jere, kowane fuloti daidai da na kusa da shi, kwata a gefe, darbejiya a ƙofar gida. Kana cikin tafiya sai layin ya tsuke ba sallama. Kwana ta ɓullo inda ba a zata ba. Wani gida ya ba titi kafaɗa, zaurensa na kallon gefen da mota ba ta bi. Lungu ya rabu biyu, ya zagaye wani ƙaramin masallaci, ya sake haɗuwa a gindin tsohuwar tsamiya. Ka ƙara gaba kaɗan, sai ga layi ya sake miƙewa.

Me ya karya layin? Wa ya ajiye wannan dunƙulen lunguna a tsakiyar unguwar da aka zana da rula?

Amsar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce rashin bin doka. Wai gwamnati ta tsara wuri tsaf, sai wasu suka zo daga baya suka cusa gine-gine inda aka bar wa hanya ko makaranta. Irin haka na faruwa a Kano, ba mai musu. Amma a kan waɗannan lunguna, ina ganin amsar ta ɗora laifin kutse a kan mutanen da suka fi kowa haƙƙi a wurin, kuma abin yana damuna. Sai dai ganina ba hujja ba ne. Bari mu bi sawu.

Takarda ce wurin farawa, tunda ita ake fara nuna wa mai tambaya. Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda Gyaɗi-Gyaɗi ke cikinta, an ƙirƙiro ta ne a 1996, zamanin Janar Sani Abacha, a rabon da ya kai ƙananan hukumomin Jihar Kano 44, na Najeriya kuma 774. Hedikwatarta tana Unguwa Uku. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da dubu 220, a ƙasar da ba ta cika murabba'in kilomita 30 ba. Idan wannan ne tarihin kafuwar wurin, to magidanta da yawa da aka yanke wa cibiya a nan sun girme shi. Takardar ba ta yi ƙarya ba, ranar haihuwar ofis ta faɗa. Amma ta bar mana wata alama a jerin mazaɓunta goma: Gyaɗi-Gyaɗi Arewa, Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, Tarauni, Unguwa Uku, Daurawa, Darmanawa, Babban Giji, Unguwar Gano, Hotoro, da Ƙauyen Alu. Babu ma'aikacin da zai zana sabuwar unguwa a tsakiyar birni ya raɗa mata Ƙauyen Alu. Waɗannan sunaye an tarar da su ne. To su wa aka tarar?

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Amurka, dokar 1785 ta sa aka yanka ƙasashen yamma murabba'i-murabba'i, mil 6 kowane gefe, sannan dokar 1862 ta ba da eka 160 ga duk wanda ya zauna ya noma ta shekara 5. Littattafan tarihin gundumominsu na karkara kan fara ne da Baturen da ya fara kafa bukkar katako, sai kotun farko, sai cocin farko. 'Yan asalin ƙasar da aka tarar kuwa, sai a ba su shafi ɗaya ko biyu a wuce. Miƙaƙƙen layi a taswira yana sa mai kallo ya ɗauka fili aka samu babu kowa. Wannan tarkon ne nake so mu kauce masa a nan gida.

Zato na farko da zai zo wa mutum shi ne, mutanen cikin birni ne suka cika suka tumbatsa, suka fito ta Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Ɗan Agundi suka yi bukkoki a waje. Tarihin ganuwa ya rushe wannan zato. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, wasu sarakuna suka ƙara bayansa. Lokacin da Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, shugabansu Lugga ya rubuta cewa kewayenta ya kai mil 11, da ƙofofi 13. Amma cikin wannan babban zobe, gidaje ba su cinye ko rabi ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna garin kimanin dubu 30, ya kuma ga gonaki shimfiɗe a cikin ganuwa. Da gangan aka yi haka, don idan maƙiya suka yi wa gari ƙawanya a sami abin ci da wurin fakewar mutanen karkara da dabbobinsu. Bakano na wancan zamani da ke neman wurin gini ba shi da dalilin fita bayan ganuwa, ga fili a bayan gidansa. Ke nan waɗanda suka zauna a kudu da gabashin ganuwa ba ambaliyar birni ba ne. Wani abu dabam ya zaunar da su.

Abin da ya zaunar da su ciki ne, cikin birnin kansa. Garin da ke da Kasuwar Kurmi, da marina, da maƙera, da ayarin fatake masu sauka da ɗaruruwan baki, sai an ciyar da shi, kuma a zamanin jaki abinci mai nauyi ba ya zuwa daga nesa. Don haka ƙasar da ke kewaye da ganuwa ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi nomawa a duk Afirka ta Yamma. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan zobe a shekarun 1960, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace damina, ba a barin saura ta huta. Gonar da ba ta hutawa kuwa taki ne ranta.

Dattawan da suka ga ƙarshen wannan zamani suna nan da ransu, kuma abin da suke ba da labari iri ɗaya ne. Da rani, da asuba, jakuna ke shiga birni a jere, ɗauke da itace da kara da hatsi. Kafin rana ta take sun juyo, mangala cike da toka da shara da kashin awaki da aka kwaso daga gidajen birni. Yaro na biye da sanda. A gona sai a zazzage mangalar tsibi-tsibi, tazarar 'yan taku tsakanin kowane tsibi, a bar su har ruwan shuka ya kusa sannan a baje. Gero da dawa a kunya, wake a tsakani, gyaɗa a jigawa, rogo a killace da shinge saboda awaki. Iyakar gona kuwa gamba ce ko lalle. Jaki mai kaya ba ya son doguwar tafiya, saboda haka gonar da ta fi kusa da ƙofar gari ita ta fi samun taki, ita ta fi daraja. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna cikin wannan tazara. Idan dattijo ya nuna maka jerin shaguna ya ce maka nan duk gona ce a da, ba daji yake nufi ba. Yana nufin ƙasar da kowane taku nata ke da mai shi.

Yadda waɗannan manoma suka zauna ma yana da muhimmanci ga tambayarmu. Baturiyar nan Polly Hill ta yi bincike a farkon shekarun 1970 a gundumar Kumbotso, a yankin da ta kira Ɗorayi, ta fitar da littafi a 1977. Ba a Tarauni ta zauna ba, amma zoben ɗaya ne. Abin da ta gani shi ne, mutanen kusa da birni ba su dunƙule a gari ɗaya mai ganuwa ba. Gidaje ne warwatse a cikin gonaki, wasunsu manya ƙwarai, uba da 'ya'ya da jikoki da matansu a bayan zaure ɗaya, har a sami gida mai kusan mutum ɗari. Kusancin ganuwar Kano ya ɗauke musu wahalar gina tasu. Gida ya yi 'ya'ya, 'ya'yan su fitar da nasu zaurukan a gefe, a haƙa rijiya, a yi masallaci, a ware makabarta, sai ga unguwa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa lungunan da muke tambaya a kansu ba a wuri ɗaya suke ba. Tsibirai ne nan da can, kowane da sunansa.

Ba duka gonakin ne na talakawa ba, kuma bai kamata a tsallake wannan ba don yana da ɗaci. Sarakuna da masu sarauta da attajirai suna da gandaye a kewayen birni, bayi ke noma su. Na sarki, irin su Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, manyan bayin fada ne ke kula da su, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, a kowane gandu kuma akwai sarkin gandu. Nassarawa tana daf da yankin da muke magana, ga kuma Gandun Albasa a maƙwabta, har yau da sunanta. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Mutanen da suka yi gumi a waɗannan gandaye suna cikin waɗanda suka raya ƙasar nan, kuma su ne aka fi mantawa idan ana lissafin magabata.

Ya zuwa nan labari ne mai ma'ana, amma mai shakka zai ce: ina shaidar cewa lungun da na gani jiya shi ne ƙauyen da kake faɗa? Shaidu suna nan a ƙasa, kuma kowa na iya zuwa ya duba.

Itatuwa su ne suka fi saurin magana. Darbejiya baƙuwa ce, zamanin Turawa aka kawo ta daga Asiya, aka yi ta dasa ta a bakin tituna don tana saurin girma. Inda ka ga ita kaɗai ce inuwa, wurin sabo ne. Tsamiya da kuka da rimi da ɗorawa da kanya kuwa ba mai dasa su a fuloti, don wanda ya dasa ba shi zai sha inuwarsu ba. Itatuwan gona ne, manomi ya bar su saboda kalwa da miyar kuka da tsamin kunu. Ka lura da kyau, inda irin waɗannan suka tsira, galibi a cikin karkatattun lungunan nan ne ko a bakinsu.

Sai kududdufi. Gidan ƙasa daga ƙasar da ke gefensa ake gina shi. A haƙa, a kwaɓa, a yi tubali, a kuma dawo kowace shekara a ɗebi ta yaɓe. Shekara hamsin ana haka, sai rami ya zama tafki. Gidan bulo ba ya haifar da kududdufi, yashinsa a tifa ake kawowa. Don haka duk inda akwai kududdufi, ko inda aka cike shi da shara aka yi gini, an daɗe ana zaune a gefensa. Ka shiga irin waɗannan gidaje za ka ji ƙafarka ta sauka ƙasa, domin titi ya yi ta hawa da ciko, daɓen zaure yana inda yake. Ka dubi kaurin bangon ƙofa: siminti ne a fuska, amma kamu biyu ko uku na jar ƙasa ne a ciki.

Akwai kuma hanyar da ke ratsa miƙaƙƙun layuka a karkace, ba ta damu da kusurwarsu ba. Irin wannan yawanci tsohuwar turba ce ko burtali, hanyar da aka killace tsakanin gonaki don shanu su wuce ba su yi ɓarna ba. Ka bi ta da haƙuri, sau da yawa za ta kai ka wani tsohon dunƙulen gidaje, ko ta nufi wajen ƙofar gari. Jakunan taki ne suka daddaɓe ta.

To an ji, ƙauyukan sun riga layukan. Amma nan wata tambayar ta taso, wadda ta fi ta farko wuya. Kano ta fara fita daga ganuwa tun farkon zuwan Turawa. Me ya sa wurin da ke 'yar tafiya kaɗan daga Ƙofar Nassarawa ya zauna gona har bayan samun 'yancin kai, alhali Fagge da Sabon Gari sun cika maƙil?

Jirgin ƙasa ne rabin amsar. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, cinikin gyaɗa ya ɓarke nan take. Tasha da kantunan kamfanoni da filin dalar gyaɗa duk gabas da arewa maso gabashin ganuwa suka zauna, can ne su Alhassan Ɗantata suka yi harkarsu. Mai neman aikin lebura ko dako can zai nufa. An kafa Sabon Gari wajen 1913 don baƙi 'yan Kudu, baƙi 'yan Arewa kuma suka taru a Fagge, daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa. Sauran rabin amsar Nassarawa ce. Nan Turawan mulki suka yi mazauninsu, nan Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma tsarin Lugga ya tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Sai unguwar Turawa da manyan filayenta suka zama marfi a kan hanyar kudu maso gabas. Abin da ke bayanta ya zauna a hannun En'e, ƙarƙashin hakimi da dagaci da mai unguwa, ana noma ana biyan haraji.

Harajin nan ma ya bar mana shaida. Tun wajen 1909 aka fara awon gonaki a gundumomin da ke kewaye da birni. Malaman taki su bi gona da ƙafa suna ƙirga taku, su rubuta girmanta da sunan mai ita, a yanka masa haraji gwargwadon haka. Manomi bai so wannan awo ba, kuma yana da gaskiya. Amma shi ne ya tabbatar a rubuce cewa shekaru hamsin kafin a kafa turken safiyo na farko don yanka fuloti, gonakin kewayen Kano suna da masu su, suna da iyaka.

Marfin ya buɗe ne bayan 1960. Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum kimanin dubu 130, ta 1963 ta ba ta kusan dubu 300. A 1962 aka kafa hukumar tsara birnin Kano da kewaye, wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranci zana shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Sai abubuwa suka zo a jere. An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, ma'aikata suka dawo daga Kaduna suna neman muhalli. Farin 1972 zuwa 1974 ya koro mutanen karkara da na Nijar. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sa ƙaramin ma'aikaci ya fara tunanin fuloti. Masana'antu suka tashi a Sharaɗa, aka yi gidan zu a farkon shekarun 1970, rukunin gidajen Kundila suka biyo, depon mai ya zauna a Hotoro. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, daga baya ya tare a mazauninsa na titin Zariya. A cikin waɗannan shekaru ne awon gwamnati ya sauko kan gonakin Gyaɗi-Gyaɗi da unguwar Hausawa da Tarauni.

Ga inda ƙullin yake kwancewa. Me ya sa safiyo, da ikon gwamnati a bayansa, bai share komai ya zana layinsa daga farko har ƙarshe ba? Saboda lissafin diyya. Tun dokar ƙasa ta Turawa ta 1910, zuwa ta Jihar Arewa ta 1962, zuwa dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙa'idar ɗaya ce: ƙasa tana hannun hukuma a matsayin amana, idan za a karɓe ta ba ita ake biya ba, abin da mutum ya ɗora a kanta ake biya. Gona kuwa me aka ɗora mata? Shuka da itatuwa. A ƙirga ɗorawa nawa, tsamiya nawa, a biya, a kafa turakun siminti. Gida ba haka yake ba. Sai an kimanta kowane ɗaki, an nemo wa mutum hamsin inda za su koma, an fuskanci dagaci da liman, kuma babu wanda zai sa hannu a tone makabarta. Karɓar gona araha ce, tashin gari tsada da rigima. Sai mai zane ya ja layinsa har bakin shingen gidan farko, ya ɗaga alƙalami, ya tsallake, ya ci gaba a ɗaya gefen. Lungun bai karya layi ba. Layin ne ya zo ya same shi, ya kasa haɗiye shi, ya kewaye.

Abin da ya sami mutanen ciki shi ne sun tsira da gidajensu, sun rasa abin da ke ciyar da gidajen. Manomin da ya kwana da gona ya tashi da kuɗin itatuwa, 'ya'yansa suka koma birkila da gadi da tuƙi da ƙananan sana'o'i a ƙofar sababbin maƙwabta. Gida kuma ba shi da inda zai faɗaɗa, sai aka yi ta yanka tsakar gida ana ƙara ɗakuna. Cunkoson da ake gani yau a waɗannan lunguna daga nan ya samo asali, ba daga son rai ba.

Da a nan zancen ya ƙare da an huta. Amma wanda ya yi yawo sosai a yankin, musamman can wajen Unguwa Uku da Darmanawa da bayansu, zai kawo ƙorafi mai ƙarfi. Zai ce akwai matsattsun lunguna da yawa da babu tsamiya, babu kududdufi, babu bangon ƙasa ko ɗaya, bulo ne zalla da kwano. Su ma tsofaffin ƙauyuka ne? A'a. Waɗannan su ne ƙannen kowa, kuma su ne suka sa amsar rashin bin doka ta yi kama da gaskiya. Sunansu a bakin kowa awon igiya.

Manoman da ke gaba sun ga abin da ya sami na baya. Da jin an ce safiyo na tafe, sai mai gona ya riga gwamnati. A kira dillali, a kira mai unguwa, a zo da igiya mai ƙulli da turaku. Dillali ya ja igiya daga gindin gamba zuwa ɗaya iyakar, ya waiwayo ya ce, “Baba, ƙafa nawa za a bar wa hanya?” Kowace ƙafa da aka bari kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona, don haka amsar ba ta wuce abin da kura ko ƙaramar mota za ta bi. A yanka hamsin-hamsin, wani ya sayi rabi, wani kwata. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a yi fatiha. Ba a ware wa makaranta ba, ba a ware wa kwata ba, don gona ɗaya ba ta isa a yi mata wannan lissafi.

Bambance su da tsohon ƙauye ba wuya idan an san abin dubawa. Lungun ƙauye lanƙwasa yake yi, yana bin bangon gidaje, yana tattaruwa a masallaci ko rijiya. Lungun awon igiya miƙe yake, amma gajere. Ya yi tafiyar gida takwas ko goma sai ya ci karo da bango, ko ya goce ƙafa biyar gefe sannan ya ci gaba. Wannan gocewar ita ce iyakar gona. Mai gonar nan ya yanka tasa bana, maƙwabcinsa ya yanka tasa bayan shekara uku da wani dillalin, ba wanda ya daidaita igiyarsa da ta wani. Inda ka ga jerin gidaje siriri dogo, mai yiwuwa rabon gado ne, gona ɗaya da aka tsaga wa magada kafin a sayar. Abin mamakin shi ne, awon gwamnati ya shafe siffar gonaki ƙaf, awon igiya kuwa ya adana ta. Wanda ya ɗauki hoton sama na irin waɗannan unguwanni a wayarsa, ya bi inda lunguna suka goce da alƙalami, taswirar gonakin da malaman taki suka taka ce za ta fito masa.

Wannan ba ilmin nishaɗi ba ne kawai. A watan Agusta, idan aka kwana ana ruwa, ruwan ba ya bin taswirar ofis. Yana neman tsohon kududdufinsa da tsohuwar hanyarsa, ko da an gina bene a kai. Gidajen da ke shan ambaliya kowace shekara da yawansu a kan ramukan da aka cike suke, ko a lungunan da igiya ba ta bar wa kwata wuri ba, ko a tsofaffin zaurukan da titi ya fi su tudu. Injiniyan da zai haƙa magudana a Tarauni, da zai zauna da masu unguwanni da dattawan tsofaffin gidaje su nuna masa inda tafkuna suke a da, da ya rage wa gwamnati asara, ya rage wa mutane kwashe ruwa da bokiti da tsakar dare.

Lokacin da aka zo 1996, gonakin sun ƙare, mutane sun yi yawan da za a ba su hukumarsu, sai aka ɗauki sunan ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan aka ɗora wa sabon ofishin. Aikin kuwa bai tsaya ba, gaba ya yi. A titin Zariya ya wuce Na'ibawa, inda rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana suka zauna a kan gonaki. A titin Maiduguri ya wuce Hotoro da Mariri. A ƙasar Kumbotso da Dawakin Kudu yanzu haka ana ƙirga ɗorawa don biyan diyya, dillalai na rige-rige da safiyo, kuma akwai ƙauyukan da turakun siminti suka riga suka kewaye ta gefe uku.